Baƙin Man Alhaji Mamuda

Shekara goma sha tara Maharazu ya yi yana tuƙa Alhaji Mamuda na Faskari, kuma duk tsawon zaman nan bai taɓa jin ubangidansa ya ce "ban sani ba". Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, yana da sito uku a gari da ɗaya a Sabuwa. In dai masara ce, ya tsoma hannu cikin buhu sau ɗaya zai gaya maka ko ta Damari ce ko ta Tafoki, har da kwanakin da ta yi a shanya. Wannan kam ba mai ja da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, Alhaji ya ɗauka tunda Allah ya ba shi sanin masara, to ya haɗa masa da likitanci da gini da siyasar duniya, har da abin da ke cikin injin mota.

Shekarar da masara ta yi tsada, abokin hamayyarsa a kasuwa, Alhaji Yahuza na Ƙanƙara, ya sayi wata ƙatuwar jif baƙa. Alhaji Mamuda ya kwana biyu bai ci tuwon kirki ba. Rana ta uku ya ce wa Maharazu su tafi Kaduna. Suka dawo da wata jar mota ƙirar Jamus mai ƙofa biyu, kwance da ƙasa kamar ƙadangare. Abin da ya riƙa gaya wa mutane shi ne hanya ta zama sai addu'a, gara mutum ya mallaki abin da in ya taka ba mai cim masa. Ranar da suka iso sai da aka kira magini ya fasa dandamalin ƙofar gida, don cikin motar ya ƙi hayewa.

Amma fa duk rainin da Maharazu ya yi wa dalilin sayenta, motar ta shiga ransa. Tun daga Kaduna ya ji abin da bai taɓa ji ba a hannunsa. Ka ɗan taɓa totur ta zabura, ka saki ta lafa, kamar tana jin abin da ke zuciyarka. Wanda ya sayar da ita ya buɗe bonet, murfin injin, ya nuna masa wata ƴar takarda da aka liƙa, an rubuta 5W-40. Ya ce, "Direba, kai nake gaya wa, don na ga mai gidanka ba ya saurare. Wannan lamba ita ce ran motar nan. Kada ka bari a zuba mata wani baƙin mai in ba shi ba."

Da lokacin juyen mai ya yi, Maharazu ya tarar da Alhaji a majalisarsa, gindin bishiyar bedin ƙofar gida, inda mutum bakwai ko takwas ke zama kullum bayan la'asar suna gasgata duk abin da ya faɗa. Babba a cikinsu shi ne Malam Mani, mai injin niƙa a bakin kasuwa. Injin nan nasa sati ba ya cika bai tsaya ba, hayaƙinsa ya mai da bangon maƙwabta baƙi ƙirin, amma a majalisa shi ne injiniya.

Maharazu ya durƙusa ya gaisa, ya miƙa ƴar robar da ya samo samfurin man a ciki. "Alhaji, ga irin wanda ta ke sha. Sai an je Ƙanƙara ake samun shi."

Kafin Alhaji ya karɓa, Mani ya miƙa hannu. Ya ɗiga man a yatsa, ya murza, ya ɗaga sama yana kallo, sannan ya tuntsire da dariya.

"Wanga mi ne ne? Ruwan shayi?" Ya juya wurin jama'a. "Ku duba don Allah. Mota mai ƙarfin doki ɗari uku, a ba ta wanga tsararo? Alhaji, wanga man ƙasar ƙanƙara ne, inda suke kwana cikin sanyi. Mu nan rana ke dafa ƙwai bisa bonet. Ka zuba wanga, kafin ka kai Sheme ya ƙone ya bar ƙarfe na cin ƙarfe."

"To mi ka gani, Malam Mani?" in ji Alhaji.

"Lamba hamsin. Mai kauri, wanda in ka ɗaga yatsa sai ya yi zare. Shi nika zuba ma injina, shi manyan motoci ke sha. Ƙato ai da tuwo aka san shi, ba da koko ba."

Majalisa ta ɗauka, "Gaskiya ne! Ƙato sai tuwo!"

Maharazu ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, waɗanda suka ƙera ta su suka rubuta lambar."

"Waɗanda suka ƙera ta sun taɓa zuwa Faskari a watan Afrilu?" Alhaji ya tambaya, yana duban mutanensa don su yi dariya, suka kuwa yi. "Maharazu, kai tuƙi ka sani. Bar ma masu ilimin inji nasu."

Washegari Mani ya aiko da galan biyu na man durom, irin wanda ake aunawa a bakin tasha. Maharazu ya saka su a but ɗin motar, ya ce zai kai motar garejin Ƙanƙara don can ne ke da ramin juye mai kyau. A hanya yana tafe yana tsaki shi kaɗai.

Mai garejin sunansa Salahuddeen, ɗan garin ne, amma ya shekara goma sha biyu a Kaduna yana gyaran irin waɗannan motoci kafin ya dawo gida. Ya zagaya jar motar sau biyu yana shafa ta. Da ya buɗe galan ɗin Mani ya sunsuna, sai ya mayar da murfin a hankali.

"Yaya Maharazu, wa ke gaba da motar nan?"

"Majalisar mai gida."

Salahuddeen ya ɗauko wani tsohon bututu siriri daga cikin tarkace ya nuna masa. "Ka ga wannan? Ta irinsa mai ke bi ya kai ga turbo, wato abin nan da ke hura wa inji iska yana ba ta wannan zafin gudu. Yana juyawa fiye da yadda ido ke gani, yana yin ja wur don zafi. Lambar farko, biyar ɗin nan, ita ke nuna man zai ruga ya kai ko'ina da zarar ka tayar da safe. Arba'in ɗin kuma shi ne kaurin da zai riƙe in inji ya yi zafi. An auna shi daidai da ƙofofin da ke ciki. Wannan na durom ɗin, kafin ya ja jiki ya isa, ƙarfe ya riga ya ci ɗan'uwansa. In ya isa kuma zafin ya dafa shi ya zama ƙanzo, ya toshe hanya."

"In na gaya ma Alhaji haka, cewa zai yi na raina shi gaban mutane."

Can Salahuddeen ya ce shi yana da masu manyan motoci da ke neman lamba hamsin kullum. A bar masa galan biyun, ya zuba wa motar wanda ya dace. Cikon kuɗin da ya rage kuwa Maharazu ya ce zai kawo masara daga gonarsa ta Tafoki.

Haka aka yi, kuma haka aka ci gaba da yi har juye huɗu. Mota ta riƙa tafiya kamar ana zuba ruwa. Duk sanda Maharazu ya tayar da ita a ƙofar gida, sai Mani ya ɗaga hannu ya sa majalisa ta yi tsit.

"Ku saurara. Kun ji? Lamba hamsin ke magana. Da an bi ta direba, da yanzu kaji ke ƙwai cikinta."

Sunan Mani ya fita. Masu babura suka fara kawo masa shawara, wani mai tarakta ya zo tun daga Sabuwa. Alhaji ya ɗinka wa Mani shadda da sallah. Maharazu yana tsaye da tsumma a hannu yana goge gilashi, yana kallon mutumin da ko sunan abin da ke ƙarƙashin bonet bai sani ba yana karɓar gaisuwa.

Matarsa Mero ita kaɗai ta san zancen, kuma ba ta taɓa ganin hikimarsa ba. Ranar da ya zo ɗibar masara karo na uku ta tsaya bakin rumbu ta riƙe ƙugu.

"Baban Ikhlas, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Motar ubanka ce? Hatsin ɗiyanka ka ke ɗiba don wani ƙaton banza ya samu shadda."

"Ba don su nike yi ba. Motar ce ban iya gani a kashe."

"To ta yi maka godiya in ta iya."

Ƙarshen damina zazzaɓin taifot ya kwantar da Maharazu. Sati uku yana Tafoki, ko tsayuwar sallah da ƙyar. Ranar da ya ji ƙarfi ya koma Faskari da sassafe, ashe ranar ce ake ɗaurin auren ɗan Alhaji Yahuza a Ƙanƙara. Tun wata guda Alhaji Mamuda ke shirin wannan rana. So yake ya tsaya da jar motar daidai gefen baƙar jif, a gaban duk ƴan kasuwar yankin.

Maharazu ya murza makulli. Injin ya yi wani gurnani mai nauyi, sannan ya ji ƙas-ƙas-ƙas daga sama, na ɗan lokaci, kafin ya lafa. Ya kashe, ya buɗe bonet, ya zaro sandar geji ta auna mai. Man da ya biyo ta baƙi ne, yana zare kamar miyar kuɓewa.

Alhaji ya fito cikin babbar riga fara mai aiki har gwiwa, Mani na biye da shi cikin shaddar sallah.

"Alhaji, wa ya yi mata juye?"

"Ni nan," in ji Mani yana bugun ƙirji. "Da ka kwanta lokaci ya yi, na ce mi za a kai Ƙanƙara? Nan gindin bedi muka ɗaga ta bisa duwatsu. Har na ƙara mata gwangwani biyu na zumar inji, wadda ke ƙara ma mai kauri, don ta san yau ranar fita kunya ce."

"Kwana nawa ke nan?"

"Sha shidda. Alhaji da kansa ke ja, ya je Sabuwa sau uku."

Maharazu ya mayar da sandar gejin. "Alhaji, don Allah mu ɗauki a-kori-kurarka ta ɗibar hatsi yau. Ko kuwa mu tafi a hankali, mu fara biyawa gareji a zubar da man nan."

"A zubar? Ba shi ta ke sha ba shekara guda?" in ji Alhaji.

Maharazu ya so ya faɗi gaskiya, amma ba a nan ba. Ga majalisa ta fara taruwa, ga mata na leƙe ta zaure. Ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa. Ya ce a ransa, bari mu lallaɓa, in Allah ya kai mu Ƙanƙara na san yadda zan yi.

Aka tura kujera Mani ya cusa kansa a baya, gwiwoyinsa a haɓa. Maharazu ya kama hanya yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Wata tsohuwar bas ta wuce su, fasinjoji na leƙowa. Da mai babur ɗauke da akuya biyu ya wuce su, Alhaji ya kasa daurewa.

"Ciwon nan ya cinye maka zuciya ne? Tsaya."

A mararrabar Sheme suka yi musanya, Alhaji ya karɓi tuƙi. Alhaji ya tattare hannun riga ya ɗora a kafaɗa, ya taka. Motar ta zabura, Mani na ihu daga baya, "Ka ji zuma! Ka ji zuma, Alhaji!" Allurar gudu ta haye ɗari da arba'in. Maharazu bai kalli hanya ba, idonsa na kan allon gaban direba. Wata ƴar fitila ja mai siffar buta ta ƙifta, ta mutu, ta sake kamawa.

"Alhaji, fitilar mai! Ka tsaya!"

"Kullum haka ta ke yi kwanan nan. Malam Mani ya ce waya ce."

Ba su yi nisa ba wani kuka siriri ya taso daga gaba, kamar ana wasa wuƙa a dutse. Sai fuu, hayaƙi fari da shuɗi ya turnuƙe bayansu har ba a ganin hanya. Ƙarfin motar ya zube. Injin ya yi ƙwanƙwasa uku masu nauyi, irin na taɓarya a turmin da ba komai, ya yi shiru. Suka gangara gefen wata gonar dawa kusa da Mabai, suka tsaya.

Manoma biyu da ke yankan dawa suka ajiye lauje suka matso. Aka zaro Mani daga baya da ƙyar. Bai ko gama miƙe ƙafa ba ya fara.

"Na faɗa! Tafiyar hawainiyar nan da ya yi tun daga Faskari ita ta cushe ta. Irin wagga mota ba ta son a ja ta a hankali. Kuma wa ya san abin da ya taɓa da ya buɗe bonet da safe? Man nan shekara guda tana shan shi lafiya lau, sai yau da ya dawo?"

Alhaji ya juyo, fuskarsa ta kumbura. "Maharazu, mi ka yi ma motata?"

Maharazu ya dubi Alhaji ido cikin ido. Ya ji ko tsoron ma babu.

"Alhaji, motar nan ba ta taɓa shan man Malam Mani ba sai kwana sha shidda da suka wuce. Juye huɗu, duk galan da ya aiko, a garejin Salahuddeen nike barin shi a zuba ma manyan motoci. Wanda ya kira ruwan shayi shi ta ke sha. Shi ne muryar da ya ke sa ku yi shiru ku saurara. Ya samu sati biyu da ita, ga ta nan."

Ɗaya daga cikin manoman ya juya baya yana tari, kafaɗunsa na rawa.

Maharazu ya zaci Alhaji zai juya kan Mani. Ina! Idon Alhaji a kansa ya tsaya.

"Wato shekara guda kana maishe ni wawa. Ina magana gaban mutane kana dariya a ciki."

"Motarka na tsare maka, Alhaji."

"Na sa ka? Da bakina na ce a zuba abu, ka je ka yi naka. Wannan ai ha'inci ne."

Lokacin ɗaurin aure na ƙaratowa, kuma ba wanda ke son doguwar tsayuwa a wannan hanya. Abin da ya fara zuwa wata a-kori-kura ce ɗauke da buhunan gawayi. Alhaji ya shiga gaba ya matse da direba da wata tsohuwa mai kaji, Mani ya haye bisa buhuna. Haka suka sauka a ƙofar gidan Alhaji Yahuza, daidai gefen baƙar jif, farar rigar nan ta yi dabbare-dabbare. Maharazu ya zauna gadin mota har Salahuddeen ya zo da igiya aka ja ta.

Kwana biyu bayan haka Salahuddeen ya kwance injin a gaban Alhaji. Ya ɗaga bututun turbo ya hura, iska ta ƙi fita. Ya ƙwanƙwasa shi a dutse, wani baƙin ƙanzo ya zubo. Ya nuna masa ƙarfen cikin injin da ya yi shuɗi don ƙuna. Ya yi bayani dalla-dalla, da ladabi, yana "Baba Alhaji" a kowace gaɓa. Alhaji ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Ai dole ka faɗi haka, tunda da kai aka haɗa baki."

Kafin sati ya zagayo majalisa ta yanke hukunci. Tsararon man nan da aka riƙa ɗura wa motar a ɓoye shi ya rarake ta ta ciki shekara guda, kamar yadda gara ke cin azara. Lokacin da man kirki ya iso ya tarar aikin gama ya gama. Wani ma ya ce ba don zumar Malam Mani ba, da ko Sheme ba ta kai ba. Kowa ya ce gaskiya ne. Aka aiko wa Maharazu da saƙo cewa ya kawo makullan a-kori-kura da na sito.

Ya kai da kansa, bayan la'asar, lokacin da majalisa ta cika. Ya durƙusa ya ajiye su a gefen tabarmar Alhaji, ya nemi gafarar abin da ya yi ba daidai ba cikin shekara goma sha tara. Ba wanda ya dube shi. Mani na tsakiyar yi wa wani mai injin ban-ruwa bayanin abin da ke damun injinsa, mutumin na gyaɗa kai.

Da ya isa gida Mero ta ajiye masa tuwo. Sai da ya ci rabi ta ce, "Da ka faɗa mashi tun ranar farko fa?"

"Da tun ranar ya kore ni, motar kuma ta mutu tun bara."

"To yanzu mi ya bambanta?"

Ya juya loma cikin miya. "Na tuƙa ta shekara guda," in ji shi.

Mero ta yi tsaki ta ɗauke tulu ta fita.

Bai yi wata guda a zaune ba. Wata ƙungiyar manoma a Damari ta sayi babbar mota don kai amfanin gonarsu kasuwa, suna neman wanda ya san hanya ya kuma san hannunsa. Ranar da suka ba shi makulli, shugabansu, wani dattijo mai ido ɗaya, ya ce, "Malam Maharazu, mu noma muka sani. Abin da ya shafi motar nan, yadda ka ce haka za a yi." Maharazu ya daɗe yana kallon dattijon, har mutumin ya tambaye shi ko lafiya.

Da kaka ta kama sosai, wani ɗan'uwan Alhaji Mamuda ya same shi a Damari ana lodi. Ya ce sabon direban ya jefa a-kori-kura cikin kwalbati da buhu talatin a kai. Alhaji ya ce shi ya yafe abin da ya wuce, in Maharazu ya zo gaban majalisa ya amsa laifinsa, zai iya komawa bakin aikinsa.

Maharazu ya ce a gaishe da Alhaji da kyau, a yi masa jajen mota. Sannan ya juya ya ɗaga murya ga masu lodi, ya ce su matsar da buhunan gaba, nauyin ya yi yawa a baya.